Tantance Nau'o'in Kifin Kasuwa ta Hanyar Gwajin Sinadarin Gado

1.0 Gabatarwa

Cinikin kifi da suna yake farawa. Mai saye yakan tambayi wane irin kifi ne, mai sayarwa ya faɗa masa, sannan a shiga tayi. Idan kifin ɗanye ne, da kansa da jelarsa, mai saye yana iya gaskata abin da aka faɗa masa da idonsa, domin ba wanda zai kalli tarwaɗa ya kira ta giwan ruwa. Matsalar tana tasowa ne a lokacin da aka cire kan kifin, aka ɗaye fatarsa, aka zare ƙayarsa, aka yanka shi gunduwa-gunduwa, ko kuma aka yi bandarsa ko aka dafa shi aka rufe a gwangwani. A wannan hali duk kamannin da ake gane kifi da su sun gushe, ba abin da ya rage a hannun mai saye sai sunan da aka rubuta a jikin kwali ko wanda aka faɗa masa da baki.

Kifi yana cikin kayan abincin da aka fi safararsu tsakanin ƙasashen duniya, kuma yakan bi ta hannuwa da yawa kafin ya isa tukunya: daga masunci zuwa dillali, zuwa masana'antar sarrafawa, zuwa mai shigo da kaya, zuwa ɗan kiri. A kowane mataki ana iya sauya suna, ko da gangan ko cikin kuskure. A wannan maƙala za mu yi bayanin hanyar da masana kimiyya suka samar don gano ainihin nau'in kifi daga ɗan guntun tsokarsa, da abubuwan da ta bankaɗo a kasuwannin duniya, da kuma inda ƙarfinta ya tsaya. Abin da muke son mai karatu ya riƙe shi ne, gwajin yana iya faɗin nau'in kifi, amma ba zai iya yanke hukuncin algus ba sai an riga an daidaita wane suna ne na wane kifi.

2.0 Suna da Nau'i

A cikin wannan maƙala mun yi amfani da kalmar "nau'i" da ma'anar rukunin halittun da ke barbarar juna a inda suke rayuwa su haifi irinsu. Mun kauce wa kalmar "jinsi" saboda ɗaliban Hausa sun fi saninta da ma'anar namiji da tamata a nahawu. Nau'o'in da suka yi kusa da juna kuwa mun kira su "dangi".

Masana sun bayyana nau'o'in kifi sama da 35,000 a duniya, kuma kowane ɗaya yana da sunan kimiyya mai kalmomi biyu na Latin, bisa tsarin da Carl Linnaeus ɗan ƙasar Suwidin ya shimfiɗa wa dabbobi a 1758. Manufar tsarin ita ce nau'i ɗaya ya kasance da suna ɗaya tak, ko a wace ƙasa. Sunayen da jama'a ke amfani da su a harsunansu ba haka suke ba, domin buƙatar masunci da mai girki ce ta haifar da su. Suna ɗaya yana iya rufe nau'o'i da dama, nau'i ɗaya kuma yana iya samun sunaye da yawa gwargwadon karin harshe ko girman kifin.

Misalan wannan suna nan a cikin Hausa. Giwan ruwa nau'i ɗaya ne, wato Lates niloticus. Haka ma gaiwa, mai shiga cikin laka ta yi kwanan rani, ita ce Protopterus annectens. Amma tarwaɗa ta ƙunshi aƙalla nau'o'i biyu da ke ruwayenmu, Clarias gariepinus da Clarias anguillaris, waɗanda masana kan rarrabe su ta ƙirga 'yan ƙayoyin da ke cikin kumatun kifin, inda yake shaƙar iska. Kurungu suna ne na dangin Synodontis mai nau'o'i masu yawa a kogin Kwara da Binuwai. Ƙarfasa ma haka take, domin ta haɗa kifayen da masana suka rarraba a dangogi daban-daban. Wanda ya sayar da kowane irin kurungu da sunan kurungu bai yi ƙarya ba, domin haka harshen ya tanada.

A kasuwar duniya abin ya fi haka rikitarwa, saboda suna yana da farashi. Shi ya sa wasu ƙasashe suka shigar da sunayen kifi cikin doka. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka tana da jerin sunayen da ta amince a sayar da kowane nau'i da su. A cikin jerin, sunan red snapper na nau'i ɗaya ne kurum, wato Lutjanus campechanus, wani jan kifin teku mai tsada da ake kamawa a mashigin tekun Meziko da gaɓar Atlantika. A 2002 majalisar dokokin ƙasar ta taƙaita sunan da suke kiran dangin tarwaɗa da shi ga kifayen Arewacin Amurka kawai, domin hana sayar da kifin kiwo na ƙasar Biyetnam, mai suna pangasiyus, da wannan suna. Ita kuma Tarayyar Turai, a dokarta mai lamba 1379 ta shekarar 2013, ta wajabta rubuta sunan kasuwa tare da sunan kimiyya a jikin ɗanyen kifi da daskararre da ƙyafaffe da ake sayar wa jama'a.

3.0 Hanyoyin Tantancewa na Farko

Hanya mafi daɗewa ita ce duba siffa: yanayin kai da baki, yawan gashin baki, jerin ɓawon jiki, adadin ƙayoyin fiffike, da launi. Ƙwararren masunci a Yawuri ko Baga yana yin wannan aiki da kallo ɗaya, masanin kifi kuma yana yin sa da ma'auni da madubin ƙara girma. Dukkansu biyu suna buƙatar kifin ya zo musu a cikakkiyar siffarsa. Tsokar farin kifi da aka fere ta yi kama da ta wani farin kifin, alhali Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane.

Kafin zuwan gwajin gado, ɗakunan bincike sun dogara ne da furotin ɗin da ke cikin tsoka. Akan narkar da tsokar, a sa ruwanta a kan wani faranti mai kauri kamar kamu, a ratsa shi da lantarki, sai nau'o'in furotin su rarrabu su yi layi-layi. Kowane nau'in kifi yana da nasa tsarin layukan. Wannan hanya ta yi amfani ga ɗanyen kifi, sai dai zafi yana lalata furotin, saboda haka ba ta da tabbas a kan dafaffe ko na gwangwani. Bugu da ƙari, dole ne a ajiye tsokar sanannun kifaye a kusa don kwatantawa a duk lokacin da za a yi gwaji.

4.0 Gwajin Sinadarin Gado

4.1 Mene ne Sinadarin Gado?

Jikin kowane mai rai an gina shi ne da ƙwayoyin halitta ƙanana waɗanda ido ba ya gani. A cikin kowace ƙwaya akwai wani sinadari mai kama da dogon zare, wanda aka fi sani da DNA, mu kuma muka kira shi sinadarin gado, domin ta hanyarsa ɗa ke gadon siffofin iyayensa. A 1953 James Watson da Francis Crick suka bayyana sigarsa, suna masu dogara da hotunan da aka ɗauka a ɗakin binciken Rosalind Franklin a Landan. Zaren ya ƙunshi ginshiƙai iri huɗu da ake wakilta da haruffan A, C, G da T. Kamar yadda jerin baƙaƙe da wasula ke bambanta kalma da kalma, haka jerin waɗannan haruffa huɗu ke bambanta halitta da halitta. Nau'o'in da suka rabu da juna tun da daɗewa, jerinsu ya fi nisa da juna fiye da na waɗanda rabuwarsu ta kusa ce.

Sinadarin gado ya fi furotin jure wa zafi da gishiri da bushewa, kuma iri ɗaya ne a tsoka da fata da fiffike da ƙwai. Wannan ne ya sa ya dace da aikin tantance kifin da aka sarrafa.

4.2 Sashen da Aka Zaɓa

Karanta dukkan sinadarin gadon kifi aiki ne mai tsada, kuma ba a buƙatarsa don gane nau'i. A 2003 Paul Hebert da abokan aikinsa na Jami'ar Guelph da ke Kanada suka ba da shawarar a amince da ɗan gajeren sashe guda ɗaya, a riƙa karanta shi a dukkan dabbobi, ya zama tamkar lambar zane-zanen nan da ke jikin kayan kanti wadda na'ura ke haskawa ta faɗi sunan kaya. Mun kira wannan sashe "lambar shaida". Tsawonsa haruffa kimanin 650 ne, kuma yana cikin wani yanki da ake taƙaita sunansa da COI.

Wannan yanki yana cikin mitokondiriya, wato ƙananan gaɓoɓin da ke samar wa ƙwayar halitta kuzari, waɗanda ke da nasu ɗan zaren gadon mai haruffa kimanin 16,500 a jikin kifi. Dalilai biyu ne suka sa aka zaɓe shi. Na farko, kowace ƙwayar tsoka tana ɗauke da kwafinsa masu yawa, don haka ko a ƙyafaffen kifi akan sami abin karantawa. Na biyu, yana sauyawa da saurin da ya dace: 'yan nau'i ɗaya kusan jerinsu ɗaya ne, nau'o'i mabambanta kuwa tazararsu a fili take. A 2005 Robert Ward da abokan aikinsa suka gwada hanyar a kan nau'o'in kifi 207 na ƙasar Ostireliya. Sun tarar da cewa matsakaicin bambanci tsakanin 'yan nau'i ɗaya bai kai rabin kashi 1 cikin 100 ba, tsakanin nau'o'in da ke dangi ɗaya kuwa ya kusa kashi 10 cikin 100. A wannan shekara ce aka ƙaddamar da shirin FISH-BOL na ƙasa da ƙasa, da nufin tattara lambar shaidar dukkan kifayen duniya.

4.3 Matakan Gwaji

Ana gudanar da gwajin ne a matakai huɗu.

Mataki na farko shi ne ɗaukar samfuri. Akan yanki guntun tsoka ko fiffike wanda bai wuce girman ƙwayar shinkafa ba, da wuƙa mai tsabta, a ajiye shi cikin sinadarin itanol, a rubuta inda aka saye shi da sunan da aka sayar da shi da kwanan wata. Daga nan a narkar da shi da wasu sinadarai har a tace sinadarin gadon shi kaɗai.

Mataki na biyu shi ne ninkawa. Abin da aka tace ya yi ƙaranci a karanta shi kai tsaye, saboda haka ake amfani da dabarar da Kary Mullis ya ƙirƙiro a 1983, wadda ta sa aka ba shi kyautar Nobel a 1993, ake kuma taƙaita sunanta da PCR. Na'ura ce ke ɗumama samfurin zuwa kimanin digiri 94 don zaren ya rabu biyu, ta sanyaya shi don wasu gajerun alamomi su manne a farkon sashen da ake so da ƙarshensa, sannan ta ɗaga zafin zuwa digiri 72 don a kwafi abin da ke tsakaninsu. Kowane zagaye yana ninka adadin sau biyu. Bisa lissafi, zagaye 30 yana mayar da kwafi ɗaya ya haura biliyan ɗaya.

Mataki na uku shi ne karantawa. Wata na'urar ce ke fitar da jerin haruffan ɗaya bayan ɗaya, galibi bisa hanyar da Frederick Sanger ya samar a 1977.

Mataki na huɗu shi ne kwatantawa. Akan shigar da jerin a kwamfuta, a gwama shi da waɗanda ke cikin rumbunan ajiya na intanet, musamman BOLD da ke Guelph da GenBank da ke Amurka. Idan ya dace da jerin wani sanannen nau'i da kashi 98 cikin 100 ko fiye, kuma ba wani nau'in da ya matso kusa da haka, akan ɗauka an gano kifin. Abin lura a nan shi ne, na'ura ba ta san sunan kifi ba. Sunan yana fitowa ne daga wani masani da ya riga ya riƙe cikakken kifin a hannunsa, ya tantance shi da siffa, ya ajiye shi a gidan adana samfura, sannan ya shigar da jerinsa a rumbu.

5.0 Abubuwan da Gwajin Ya Bankaɗo

5.1 Algus a Ciniki

A 2004 Peter Marko da ɗalibansa na Jami'ar North Carolina suka sayi kifi 22 da aka sayar da sunan red snapper a jihohi takwas na Amurka. Gwajin gado ya nuna cewa kashi 77 cikin 100 wasu nau'o'in ne daban. A 2008 wasu ɗalibai mata biyu na makarantar sakandare a birnin New York suka tattara samfura daga kantuna da gidajen abinci suka aika Guelph. Daga cikin 56 da aka iya karantawa, 14 sunansu ba na gaskiya ba ne, har da wani da aka sayar a matsayin farin tuna mai tsada alhali ƙarfasar kiwo ce. Labarin ya bazu a jaridun duniya, musamman saboda ya nuna cewa aikin bai gagari 'yan makaranta ba.

Ɗaya daga cikin bincike mafi girma a wancan lokaci shi ne na ƙungiyar Oceana, wanda ta fitar a 2013. Ta gwada samfura 1,215 daga wuraren sayarwa 674 a jihohi 21 na Amurka, ta sami kashi 33 cikin 100 da sunan da bai dace da jerin hukuma ba. A Afirka ta Kudu ma, binciken da Donna Cawthorn da abokan aikinta suka buga a 2012 ya sami kashi 9 cikin 100 a hannun 'yan sari da kashi 31 cikin 100 a hannun 'yan kiri. Wannan bambanci yana nuna cewa yawancin sauyin suna yana faruwa ne a kusa da mai saye na ƙarshe. A kudancin Turai kuwa an sha kama tsokar giwan ruwa, wadda ake fitarwa daga tafkin Biktoriya, ana sayar da ita da sunan wani kifin teku da ya fi ta tsada.

Ya kamata a karanta waɗannan alƙaluma da hattara, domin masu bincike sukan nufi kifayen da aka riga aka yi zargin ana algus a cikinsu. Bayan badaƙalar naman doki da aka sayar da sunan na shanu a Turai a 2013, Tarayyar Turai ta gudanar da gwaji na bai ɗaya a kan farin kifi a 2015. Daga cikin samfura kusan 4,000, kashi 6 cikin 100 ne kawai suka saɓa wa sunan da ke jikinsu. Haka nan wani nazari na 2019 da ya tattara sakamakon bincike sama da ɗari ya ƙiyasta cewa abin da ya fi yawan faruwa bai wuce kashi 8 cikin 100 ba. Ke nan algus ɗin ya taru ne a kan wasu kifaye masu tsada, kuma yana raguwa a inda doka ta fayyace sunaye ake kuma bibiya.

5.2 Lafiyar Jama'a

Sauya sunan kifi ba a aljihu kawai yake tsayawa ba. A 2007 mutum biyu a birnin Chicago suka kamu da rashin lafiya bayan sun sha miyar wani daskararren kifi da aka shigo da shi daga Sin da sunan monkfish, wanda ba shi da dafi. Gwajin gado ya tabbatar da cewa kifin Lagocephalus lunaris ne, ɗan'uwan talibambam na teku, wanda tsokarsa ke ɗauke da wani dafi mai shanye jijiyoyi, har yakan tsayar da numfashi, kuma dahuwa ba ta kashe shi. Wannan lamari yana cikin abubuwan da suka sa hukumar abinci ta Amurka ta karɓi lambar shaida a matsayin hanyar aikinta, ta kuma kafa nata rumbun na samfuran da aka tabbatar.

Misali na biyu shi ne eskola, wani kifin teku mai maiƙon da hanjin mutum ba ya iya narkarwa, wanda kan jawo gudawa mai maiƙo. Ƙasar Japan ta hana sayar da shi. Duk da haka, a binciken Oceana na 2013, kashi 84 cikin 100 na abin da aka sayar da sunan farin tuna eskola ne. Mai juna biyu da likita ya hana ta cin kifayen da ke tara sinadarin makuri, ko wanda jikinsa ba ya karɓar wani nau'i, ba su da abin dogaro sai sunan da aka rubuta.

5.3 Kare Nau'o'in da ke Ƙarewa

Yarjejeniyar CITES, wadda ke sa ido kan cinikin namun daji da tsirrai tsakanin ƙasashe, ta sanya dukkan kifayen sitajin, waɗanda ake cinikin ƙwansu da tsada, a ƙarƙashin kulawarta tun 1998. A taronta na Bankok a 2013 ta ƙara wasu nau'o'in kifin shak da ake kashewa saboda fiffikensu. Jami'in kwastan da aka ajiye wa buhun busassun fikafikai ko gwangwanin ƙwai ba shi da hanyar sanin ko na nau'in da aka kare ne idan siffa ta ɓace, sai ta wannan gwaji. Akwai kuma wata illa ta ɓoye: idan mai saye kullum yana ganin sunan wani kifi a kasuwa cikin araha, ba zai taɓa yarda cewa kifin ya kusa ƙarewa a teku ba.

6.0 Iyakokin Gwajin

Iyaka ta farko ita ce rumbun kwatantawa. Idan ba a taɓa shigar da wani nau'i ba, kwamfuta za ta kawo mafi kusa da shi ne kurum, wanda bai ƙware ba kuma sai ya ɗauka shi ne. Idan kuma wanda ya shigar da jerin farko ya yi kuskuren suna, duk wanda ya dogara da shi zai gaji kuskuren.

Ta biyu ita ce barbarar yanyawa tsakanin nau'o'i. Sinadarin gadon mitokondiriya ta wajen uwa kaɗai ake gadonsa. A gonakin kifi na Nijeriya an daɗe ana haɗa ƙwan tarwaɗa da maniyyin ramboshi, wato dangin Heterobranchus, don samun kifi mai saurin girma. Idan aka gwada lambar shaidar irin wannan kifi, amsar da za ta fito ita ce tarwaɗa zalla, domin uban bai bar alama a wannan sashe ba. Sai an ƙara da gwajin sinadarin da ke cikin cibiyar ƙwayar halitta, wanda ake gado daga iyaye biyu, sannan gaskiya ta bayyana.

Ta uku ita ce nau'o'in da rabuwarsu ba ta daɗe ba. Wasu daga cikin manyan kifayen tuna jerinsu a wannan sashe ya yi kusa ƙwarai, har masana sukan koma ga wani sashen mai saurin sauyawa kafin su rarrabe su.

Ta huɗu ita ce tsananin sarrafawa. Zafin da ake dafa kifin gwangwani da shi yana kakkarya zaren gado, ta yadda ba a samun haruffa 650 a jere. A nan akan yi amfani da gajeriyar lamba mai haruffa 100 zuwa 200, wadda ƙarfin rarrabewarta bai kai na cikakkiya ba. Idan kuma an niƙa kifaye iri-iri wuri ɗaya, kamar a garin kifi na abincin kaji, sai an yi amfani da sababbin na'urori masu karanta dubban jeri a lokaci guda.

Daga ƙarshe, lambar shaida nau'i take faɗa. Ba ta nuna ko kifin na kiwo ne ko na kogi, ko a ruwan wace ƙasa aka kama shi, ko ya lalace, ko an fesa masa maganin ƙwari a lokacin ajiya. Kowace daga cikin waɗannan tambayoyi tana da nata gwajin daban.

7.0 Halin da Ake Ciki a Nijeriya

Nijeriya tana shigo da daskararren kifin teku mai yawa, kuma tana cikin manyan masu sayen busasshen kifin ƙasar Norwe, wanda ya ƙunshi nau'o'i daban-daban masu farashi daban-daban. A cikin gida kuma, kifin da ke fitowa daga tafkin Chadi da tafkin Kainji da kogunan Kwara da Binuwai yawanci banda ake yi da shi kafin a yi safararsa zuwa kasuwannin kudu. Banda kuwa gunduwa-gunduwa ce da hayaƙi ya mayar baƙa. Ke nan dukkan sharuɗɗan da suka haifar da sauyin suna a wasu ƙasashe suna nan a kasuwanninmu.

Masana na cikin gida sun fara aza harsashi. A 2011 Christopher Nwani da abokan aikinsa suka buga lambobin shaidar kifayen kogunan kudu maso gabas, a 2018 kuma Oluyinka Iyiola da nasa abokan aikin suka buga na kifayen kasuwa na yankin arewa ta tsakiya, inda suka ga alamun cewa wasu da ake ɗauka nau'i ɗaya ne suna iya kasancewa fiye da haka. Cibiyar binciken kifin ruwan daɗi da ke Sabon Bussa da takwararta ta kifin teku da ke Legas su ne cibiyoyin tarayya da aikin adana samfura ya fi dacewa da su.

Amma akwai rabin aikin da ba a ɗakin gwaji yake ba. A ce jami'in hukumar NAFDAC ya sayi banda da sunan kurungu, gwaji ya nuna masa wani nau'in Synodontis. Kafin ya ce an yi algus ko ba a yi ba, sai ya san iyakar abin da kalmar kurungu ta ƙunsa a bakin masunta da 'yan kasuwar wurin. Ƙamusun Bargery na 1934 ya kawo sunayen kifi da dama, haka ma littafin da William Reed da abokan aikinsa suka wallafa a 1967 kan kifayen Arewacin Nijeriya ya haɗa sunayen gida da na kimiyya. Tun daga lokacin masana sun sauya sunayen kimiyya na wasu kifayen: tarwaɗar da tsofaffin littattafai suka kira Clarias lazera, alal misali, yanzu Clarias gariepinus ce. Sunayen Hausa ma sun bambanta tsakanin Sarkawan Kabi da masuntan Haɗeja da na Baga. A ganinmu, duk lokacin da za a fita ɗaukar samfuri, ya kamata a tafi da masanin harshe, a ɗauki hoton kifin, a yanki tsokarsa, a kuma rubuta sunan da masuncin wurin ya kira shi da shi da yadda ya furta shi.

8.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata mun ga yadda guntun tsoka mai girman ƙwayar shinkafa ke iya bayyana nau'in kifin da aka fere ko aka ƙyafe, ta hanyar karanta haruffa kimanin 650 na sinadarin gadonsa. Mun ga kuma yadda hanyar ta tona algus a Amurka da Turai da Afirka ta Kudu tun daga 2004, ta gano musabbabin guba, ta kuma taimaka wa jami'an kan iyaka. Ingancinta ya rataya ne a kan abubuwa biyu da mutane ke tanadarwa: rumbun samfuran da ƙwararru suka tantance, da jerin sunayen kasuwa da aka amince da su. A Nijeriya an soma na farkon. Na biyun yana jiran a zauna da masunta da 'yan kasuwa, tun tsofaffin da suka san sunayen kifayen kogunanmu suna raye.